Na ci kuɗin zumunta, wata ta ɗauki laifin: ko Allah zai gafarta mini?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Shekarata 38, ina da aure da ƴaƴa huɗu, a nan Maradi nake zaune. Na daɗe ina riƙe da kuɗin zumuntar mata a majami'armu. A daminar 2023 na ɗebi jikka 200 daga ciki, na haɗa da jarina, na aika a saro mini atamfa daga Kano, da niyyar in mayar kafin kowa ya sani. Sai aka rufe iyaka, wanda na aika kuma har yau ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Da aka zo lissafin ƙarshen shekara kuɗi bai cika ba, sai na ce iyakar abin da sakatariya ta miƙo mini ke nan. Ban ce ta sata ba, amma haka kowa ya ɗauka. Mijinta ya rasu, ba ta da mai tsaya mata. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ba a yarda ba. Ta daina zuwa sujada, ƴaƴanta ma sun bar makarantar Lahadi.

Tun daga lokacin ban yi barci mai daɗi ba. Na yi azumi, na roƙi gafara har na gaji, nakan riga kowa zuwa sharar majami'a, na ninka baikon kuɗin da nake bayarwa a sujada. Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da muke cin gurasa tare don tunawa da mutuwar Yesu, sai in nemi hujja in zauna gida. Autana ya kwanta likita sau biyu da masassara, kasuwata ta karye, ina gani hukuncin Allah ne. Maigidana bai sani ba. Mama, Allah yana gafarta wa irina? In na riƙa mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan cikin baiko ba tare da kowa ya sani ba, ya wadatar? In kuwa na faɗa, ina zan sa fuskata a garin nan?

Wata ƴar'uwa daga Maradi

Ɗiyata, sannu. Sau uku na karanta takardarki, kuma rashin barcin nan ne ya fi tsaya mini a rai. Kin san likitar Danja, nan kudu da gari, inda tun 1956 ake jinyar masu ciwon kuturta. Babbar illar ciwon ita ce yana kashe jijiya. Mutum sai ya taka ƙaya ko ya dafa tukunya mai zafi bai ji komai ba, har wurin ya zama miki. Gaɓar da take jin zafi da sauran lafiya a cikinta. Da a ce kin ci kuɗin nan kin share baki, kina tsallake ƙofar matar nan ko a jikinki, da na fi jin tsoro a kanki. Zuciyarki tana ciwo domin Ruhun Allah bai rabu da ke ba.

Bari in amsa tambayarki ta fari kai tsaye, don na ga ita ta fi cin ranki. I, Allah yana gafarta wa irinki. Irinki ne ma suka cika Littafi Mai Tsarki. Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a wurin yaƙi don ya rufe asirinsa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, har da rantsuwa. Bulus da kansa ya bi gida-gida yana jan masu bi zuwa kurkuku. Ba ko ɗaya cikinsu da ya sayi gafara da aikin hannunsa. A Romawa 5:8 an ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ki lura da lokacin: tun ba mu gyara komai ba. A 1 Yohanna 1:9 kuma an yi alkawari cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Alkawarin a kan amincinsa ya tsaya, shi ya sa yake da ƙarfi ko a daren da ke ba ki jin komai a zuciyarki sai nauyi.

Na kan yi murna da kalmar da waɗanda suka juya mana Littafi zuwa Hausa suka zaɓa, wato alheri, domin kowace mace a Maradi ta san abin da take nufi tun kafin a yi mata wa'azi. Baƙo ya sauko daga mota da tsakar rana a watan bazara, ya yi sallama a ƙofarki, kika dama fura kika miƙa masa. Ya sha ya ƙoshi, sai ya sa hannu aljihu ya ce nawa ne. Me za ki ji? Ai zagi ne. Ya mai da gidanki kasuwa, ya mai da ke mai talla. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwa ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. To, ɗiyata, azumin nan da sharar nan da ninka baikon nan, abubuwa ne masu kyau a wurinsu, amma ke kin mai da su kuɗin fura. Kina ta laluben aljihu a gaban wanda ya riga ya biya a kan gicciye. Shi ya sa ba ki huta ba, don mai biyan irin wannan bashi kullum sai ya tambayi kansa ko ya isa, kuma ba ranar da zai isa. Bangaskiya ita ce ki miƙa hannu biyu ki karɓa, ki ce na gode.

Maganar autanki kuwa, ki cire ta daga ranki. Daga tsakiyar damina zuwa kaka wane gida ne a garin nan masassara ba ta shiga? Tana kwantar da ɗan fasto, tana kwantar da ɗan liman. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan mutumin da aka haifa makaho, ko zunubin wa ya jawo, a Yohanna 9, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Allah ba zai ɗora hukuncinki a kan Ɗansa, sa'an nan ya dawo ya sake karɓarsa daga jikin yaronki ba. Ki sa shi cikin gidan sauro, jikinsa ya yi zafi ki kai shi likita a ranar, ki yi masa addu'a da sakakkiyar zuciya. Kasuwa kuma ba taki kaɗai ta karye ba. Daga rufe iyaka a 2023 har aka buɗe a watan Maris na 2024, ƴan kasuwa nawa ne masu bin hanyar Dan Isa da Jibiya suka zauna?

Yanzu sai magana mai nauyi, kuma ba zan sassauta miki ita ba, domin ina ƙaunarki. A takardarki kin ba kuɗin da lamirinki wuri mai faɗi, matar nan kuwa layi uku kawai ta samu. Ni a wurina ita ce tsakiyar zancen. Ɗibar kuɗin ya faru rana ɗaya ya wuce. Ƙaryar kuwa ba ta wuce ba, tana nan tana aiki. Duk Lahadin da aka buga ƙararrawa matar nan tana zaune a ɗakinta, maganarki ce ta zaunar da ita. Duk ranar da ta shiga kasuwa wasu mata biyu suka haɗa ido, maganarki ce. Ƴaƴanta marayu suna tasowa da sanin cewa a gidan Allah aka kira uwarsu ɓarauniya, kuma Allah kaɗai ya san abin da wannan zai yi wa bangaskiyarsu nan da shekara goma. Kin ce ba ki furta cewa ta sata ba. Ɗiyata, ni da ke mun san wanda ya nuna da baki da wanda ya nuna da yatsa hanya ɗaya suka nuna.

Don haka mayar da kuɗi a ɓoye bai wadatar ba. Zai cika asusu, amma jikka 200 da aka jefa cikin kwanon baiko ba za ta wanke sunan kowa ba. Karin Magana 22:1 ta ce suna mai kyau ya fi dukiya mai yawa, kuma abin da kika karɓe mata ke nan, alhali ba ta da wani jari da ya wuce shi.

Kada ki ce Mama ta ba ni da hannun dama ta karɓe da hagu. Ki duba labarin Zakka a Luka 19, ki bi shi daki-daki. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da cutar mutane, gari duk ya san shi. Yesu ya tarar da shi a kan itace, ya kira shi da sunansa, ya ce yau a gidanka zan sauka. Bai ce masa je ka biya mutane tukuna ba. Sai da Yesu ya karɓe shi, mutane suna ta gunaguni, sa'an nan Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Karɓar ce ta zo da fari, ita ta ba shi ƙarfin sakin abin da ya ƙanƙame. Haka nake so ki tafi gidan matar nan: a matsayin wadda aka riga aka yafe wa, wadda ba ta da sauran abin karewa. Dawuda ya faɗa a Zabura 32 cewa lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, yana nishi yini zubur, sai da ya bayyana laifinsa ya sami sauƙi. Ina gani abin da ke hana ki barci ke nan. Allah bai rufe hannunsa ba, ke ce kike riƙe da ƙaryar da hannu biyu, babu hannun da za ki karɓi salama da shi.

Mu da muka tashi cikin dangi da maƙwabta Musulmi, tun muna yara muke jin ana cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Akwai tsoron Allah a maganar, kuma ban taɓa raina ta ba. Ubangijinmu ma ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Sai dai a bangaskiyarmu gafarar Allah ba ta rataye a bakin matar nan ba. Tana iya yafe miki a ranar, tana iya ɗaukar shekara, tana iya kora ki daga zaurenta. Naki shi ne ki je ki faɗi gaskiya. Yafewarta tsakaninta da Ubangijinta ne, kada ki matsa mata da ayoyi, kada kuma ki bari wani ya matsa mata a madadinki.

Kunyar da kike tsoro ba ƙarya ba ce. Ƙidayar 2012 ta nuna mu Kirista ba mu kai mutum 1 cikin 100 ba a ƙasar nan, kuma a yankinmu, tun zamanin da ƴan mishan suka zauna a Tsibiri, gidajen masu bi sun yi ta auratayya har kusan kowa dangin kowa ne. Maganar da aka yi a majami'a da safe, kafin la'asar ta kai Tasawa. Za a yi zancenki, wasu ƙawaye za su ja baya, wataƙila a goranta wa ƴaƴanki. Ba zan ce miki ba zai yi zafi ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai littafin zumunta, akwai mutumin da kika aika, wanda ya san yawan kuɗin da ya karɓa. Wadda ta zo da ƙafarta ta ce na yi laifi da wadda aka tono, ba kallo ɗaya ake yi musu ba. Kunyar nan da kike gudu kuma, wata ce take ɗauke da ita a kanta tun 2023, alhali ba kayanta ba ne.

Ga yadda nake gani za ki bi. Ki fara da takarda da alƙalami, ki rubuta ranar da kika ɗebi kuɗin, nawa ne, me kika faɗa a taron lissafi, ba ragi ba ƙari. Tsoro yakan sa mutum ya sassauta labari in ya zo bakinsa, takardar za ta riƙe ki. Daga nan sai maigidanki. Bai kamata ya ji a bakin dattawan ikkilisiya ba, wannan zai zame masa ciwo na biyu. Ki zaɓi dare bayan yara sun kwanta, ki faɗa masa duka. Zai yi fushi, yana da dalili, ki ba shi kwana biyu ya huce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in kin san mutum ne mai saurin hannu, kada ki faɗa masa ke kaɗai, ki fara zuwa wurin matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙe sirri, a kira shi a gabansu.

Bayan haka ku je wurin fasto tare da matarsa. Ki miƙa littafi da abin da ya rage a hannunki, ki sauka daga riƙon kuɗi da kanki kafin a ce ki sauka. Ki roƙe su abu ɗaya: kada a yi sanarwa sai kin ga matar nan ido da ido. Ita aka fi zalunta, ita ya kamata ta fara ji, a gidanta, daga bakinki, da dattijuwa ɗaya a matsayin shaida. Ki kuma tambaye ta yadda take so a wanke sunanta. A ganina tunda a gaban zumunta aka ɓata shi, a gaban zumunta za a gyara shi, ki tashi tsaye ki ce ni ce, ita ba ta taɓa ko dala ba. In ba za ki iya buɗe baki ba, ki rubuta, matar fasto ta karanta kina tsaye a gefenta. Ban ga dalilin kai maganar gaban dukan jama'a ranar Lahadi ba, sai fa in can ma an taɓa ambaton sunanta, ko ita ta nemi haka.

Kuɗin kuwa, kada ki ci bashi mai ruwa don ki biya shi dare ɗaya, kada kuma ki sayar da hatsin gidanki ki bar yara da yunwa. Ki zauna da dattawa a rubuta yarjejeniya da shaidu. Jikka 10 a wata zai kai ki wata 20. In kina da akuya ko kina cikin adashi, ɗaukarki ta fari ta tafi can don a ga da gaske kike. Rubutun kariya ne gare ki, domin cin amanar kuɗi laifi ne ko a gaban hukuma, kuma gara a ga sa hannunki da niyyarki tun da wuri. A Littafin Firistoci sura 6 an umarci wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar duka, ya ƙara humushi a kai. Ba doka nake ɗora miki ba, amma in Allah ya buɗa, humushin jikka 200 jikka 40 ne, kuma da ni ce, da wajen kuɗin lakwal na marayun nan zan nufa da shi, ta hannun matar fasto, bayan ƙura ta lafa, don kada ya yi kama da toshiyar baki.

Mai yiwuwa ikkilisiya ta sa ki ƙarƙashin horo, a dakatar da ke daga Jibin Ubangiji na wasu watanni. Ki karɓa da tawali'u, kada ki canza majami'a don gudunsa. Ai kin riga kin dakatar da kanki tun tuni, ke kaɗai, cikin duhu, babu mai yi miki addu'a. Wannan kuwa yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma manufarsa a komo da ke. Teburin nan ba na waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba ne. Bitrus ya ci gurasar a daren da ya yi musu, bayan tashin Yesu daga matattu kuma, a bakin tekun Galili, Ubangiji ya ba shi karin kumallo, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikin kiwon tumakinsa.

Ina da magana ga shugabannin zumunta da dattawa, in wannan ta kai gare su. Ku ma kuna da abin tuba. Kun yanke wa gwauruwa hukunci a kan maganar mutum ɗaya, kuka bar ta ta tafi ba wanda ya bi sawunta. Ku je gidanta ku ma. Sa'an nan bai dace a tara gumin mata a ɗakin mace ɗaya, babu mai ƙirgawa sai ƙarshen shekara ba. A nan yankin Maradi aka fara ƙungiyoyin ajiyar kuɗi na Mata Masu Dubara a 1991, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya, kuma an san irin wannan asusu da akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa duk ranar taro. Matan ƙauye sun gane cewa amana tana son shaida. Wannan bai rage laifinki ba, ɗiyata, amma zai tsare wadda za ta gaje ki.

Daren yau ki karanta Zabura 32 da 51 da murya, ki faɗa wa Allah abin da kika yi da sunansa, ki gode masa domin jinin Yesu ya isa, ki kwanta. Kada mako ya zagayo ba ki ga matar fasto ba, don irin wannan niyya in ta kwana da yawa sanyi take yi. Ranar da za ki gidan matar nan kada ki ɗauki tsaraba, kada ki fara da labarin iyaka da atamfa. Ki zauna ƙasa, ki ce ni na ɗauki kuɗin, na bari aka ɗora miki, na zalunce ki. Sai ki yi shiru ki bar ta ta faɗi duk abin da ta haɗiye tun 2023, ko da zai kai magariba. Ina yi miki addu'a, ita ma ina yi mata. In kin dawo ki rubuto mini yadda kuka yi.